Kada Ka Sayi Damisar Jikin Kwali

Nguru, ranar Talata.

Zuwa ga autana Isa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ka sauka Kano lafiya, ka kuma sami kawunka da iyalinsa lafiya. Allah ya tsare ka a kan titunan garin nan, ya raba ka da 'yan acaɓa masu gaggawa da 'yan kasuwa masu zaƙin baki, amin.

Yau na tashi da dama-dama. Gwiwar hagu ta bar ni na je masallaci da ƙafata, tarin ma ya lafa. Hannun ne dai yake ta rawarsa, saboda haka in ka ga layin rubutun yana gangarawa ƙasa, ka yi haƙuri ka bi shi, zai kai ka inda za shi. Gidan shiru tun da ka tafi. Rediyon nan nakan kunna shi ba don labarai ba, don dai a ji murya a tsakar gida.

Na san za ka ce, Baba, ga waya, me ya kawo takarda? A waya ba na jin rabin abin da kake faɗa, kai kuma kana magana kamar ana korarka don kada kati ya ƙare. Ita takarda tana jira mutum ya gama.

Maganar katin hoton nan ce ta sa na zauna. Ka ce sauran kayan kwamfutar duk ka san waɗanda za ka ɗauka, shi kaɗai ne ya tsaya maka a rai, don shi zai ɗauki nauyin zane da na wasan samari, kuma abin da ke aljihunka ba zai sayi biyu ba. To bari in faɗa maka abin da ya sa ni ma ya tsaya mini. Mun yi da kai za ka gwada shagon Gashua: da safe katin biki da kalanda da fosta, da yamma samari su biya su buga ƙwallo da tseren mota a kwamfuta. In shagon ya tsaya da ƙafarsa, kana kusa, mota ɗaya ce tsakaninmu, kana iya yin Juma'a a nan mu ci tuwo tare. In bai tsaya ba, yayanka Sani ya riga ya nema maka gurbi a Fatakwal, kuma na san wanda ya tafi can sai Sallah, Sallar ma ba kowace ba. Ka ga ke nan wannan ɗan katin da bai wuce tafin hannuna ba, shi zai yanke inda za ka zauna. Son kai ne, na yarda. Na kai shekarun da za a yafe mini shi.

Abin da ban gaya maka ba, bayan tafiyarka na shiga mota na je Gashua wurin maigidanka Malam Kyari, wanda ka koyi aiki a shagonsa. Yana ganina ya miƙe ya gaishe ni da yarensu.

"Wushe, Baba mai fenti! Lafiya dai? Ko allona ne ya koɗe aka turo ka?"

Na ce, "Allonka tun ran da aka kafa shi a koɗe yake, ba ni na zana ba. Karatu na zo."

"A waɗannan shekarun?"

"Kai dai buɗe mini cikin injin nan in ga abin da yake hana ɗana barci."

Ya yi dariya, ya aika aka kawo shayi, ya kwance murfin wata kwamfuta ya ciro katin ya ɗora mini a hannu. Kore ne, da 'yar fanka a tsakiya, ƙasansa da haƙora masu ruwan zinariya. Ya ce shi ne mai zanen cikin injin, duk abin da ido ya gani a sikirin daga hannunsa ya fito. Na ce ashe abokin sana'ata ne, Allah ya sa ya fi ni sa'ar masu biya.

A saman kantarsa akwai kwalayen katunan da ya taɓa saya. Ɗaya da hoton wani dodo yana aman wuta, ɗaya da wata mata sanye da rigar ƙarfe riƙe da takobi, ɗaya kuma farin kwali ne kawai da ƙananan rubutu. Na nuna mai dodon na ce wannan ne babbansu ke nan. Ya ce, "Baba, wannan in ka sa masa ƙwallo, 'yan wasan tafiya suke kamar masu ciwon baya. Farin can shi ne yake ciyar da ni." Na yi dariya har tari ya taso, ya ɗauka shayin ne ya sarƙe ni. Ba shayi ba ne, damisar Bukar na tuna.

Ka san Alhaji Bukar mai kanwa, wanda yanzu yake zaune a ƙofar gida yana ba jikoki umarni. A zamanin yana da lori ɗaya mai bodin katako, yana ɗauko kanwa daga Kumagannam, wasu ranakun kuma ya loda mutane zuwa Gashua. Motar ta tsufa tun kafin ta zo hannunsa. Ya kawo mini ita rumfa ya ce in zana masa abin da zai sa fasinja su riƙa rububinta. Ba da ƙafarta ta shigo rumfar ba, Auta, ƙarti ne suka turo ta. Duk kwanakin da na yi ina aikin, kullum da safe sai na zuba rairayi a kan baƙin man da ta zubar kafin in jera gwangwanayena. In ka cire bakanikenta, babu wanda ya san halin motar nan kamata.

Na zana mata damisa a bayan bodi, ta yi tsalle, ƙafafu huɗu babu ko ɗaya a ƙasa. Bukar ya zo ya duba ya ce damisar kowa haka take, in ƙara wani abu. Na ƙara mata fukafukai. Idanun na yi su da ruwan ɗorawa na ɗiga fari a tsakiya, duk inda ka tsaya kai take kallo. A ƙasa na rubuta Kafin Ka Ƙifta da manyan baƙaƙe. Har yau ban yi aikin da ya kai shi kyau ba.

Ba a daɗe ba aka yi wa ƙanin mahaifiyarka haihuwa a Gashua. Ranar suna ni da ita muka fito tasha da safe, ta ɗauko turmin atamfa da sabulai a kwalla, don ta isa da wuri a yi hidima da ita. Motoci biyu muka tarar suna lodi. Wata 'yar bas ce fentinta duk ya mutu, ko suna babu a jikinta, ta kusa cika. Ga kuma motar Bukar tana ƙyalli, mutane sun kewaye bayanta suna kallo, wani ma yana taɓa fukafukin da yatsa.

Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, ta ce, "Malam, mu shiga waccan, ta kusa tashi."

Na ce, "Ke dai dubi wannan."

"Ba ita ce aka turo rumfarka ba?"

"An gyara ta."

Auta, babu mahalukin da ya ce mini an gyara ta. Damisar ce ta gaya mini, kuma ni na zana damisar. Na tsaya a cikin mutane ina jin ana yabonta, sai na ga motar da ke ɗauke da irin wannan dabba ba za ta yi jinkiri ba. Muka hau.

Ba mu yi nisa da gari ba ta fara tafasa. Aka tsaya aka ɗebo ruwa a fadama aka ba ta. Aka ƙara gaba kaɗan ta sake neman ruwa. Masu jakuna ɗauke da itace suka wuce mu suka yi mana sannu, da muka tashi muka wuce su, da muka sake tsayawa suka sake wuce mu, wannan karon ko sannun ba su yi ba. Rana ta take, kowa ya sauko ya fake a inuwar bodi, daidai ƙarƙashin damisar. Wata tsohuwa Babadiya, 'yar ƙabilar wajen Gashua, mai kwandon busasshen kifi ta ɗaga kai ta daɗe tana kallonta, sannan ta ce, "Ni saboda wannan kyanwar na bar bas. Wanda ya zana ta, Allah ya nuna mini shi ido da ido."

Mahaifiyarka ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, ta ce, "Iya, ki ci gaba da addu'a, ba shi da nisa."

Ni kuwa faratana duk fenti ne, ruwan ɗorawa da baƙi, irin na jikin damisar sak. Na cusa hannuwana cikin aljihun riga, ban fito da su ba har aka kawo ƙosai ana rabawa na ce azumi nake.

Mun isa Gashua mata suna ta fitowa daga gidan sunan da kwanukansu. Ƙanzo muka samu da romon da ba nama. Tun daga ranar har Allah ya karɓi ranta, duk abin da na yaba don kyan ganinsa, ko hula ce ko akuya, sai ta kalle ni ta ce, "Ita ma fukafukai gare ta?"

To ka ji. Wanda ya zana dodon jikin kwalin nan ɗan'uwana ne a sana'a, ina gaishe shi duk ƙasar da yake. Bai taɓa kunna katin ba, wataƙila ma bai taɓa ganinsa ba. An biya shi ne ya tsayar da kai a bakin kanti, ya kuma yi aikinsa. Kai naka aikin shi ne ka ture kwalin gefe ka ce a nuna maka abin da ke ciki yana aiki. Kuma kada ka ce kai ka san kan abin, hoto ba zai ruɗe ka ba. Ni da na haɗa fentin da hannuna ma ya ruɗe ni.

Akwai wata magana ta lamba da Malam Kyari ya nanata, na sa ya maimaita har na riƙe. Ya ce a gaban kwali sukan buga babbar lamba, ɗari biyu da hamsin da shida, kusa da shi kuma ga wani mai ɗari da ashirin da takwas, sai mutum ya ɗauki babbar yana murna. Ya ce lambar girman rumbun katin ce kawai. Akwai mai babban rumbu amma ƙofarsa ƙarama, hatsin yana ciki, fitar da shi ne aiki. Akwai mai ƙaramin rumbu da faffaɗar ƙofa da ma'aikaci mai hanzari, shi ne yake gudu. Wai ka tambayi sunan ƙwaƙwalwar da ke kan katin da faɗin ƙofar, suna cikin ƙananan rubutun baya, in mai kanti ya fara kame-kame ka san babban rumbun ne kaɗai abin da yake da shi. A nan ba ni da wani labari nawa da zan haɗa da shi, saƙo ne aka ba ni na isar. In na karkata shi, ka fi ni sanin yadda za ka miƙe shi.

Amma maganar wuta da rami, wannan ina da digiri a kanta, kuma ka ga takardar shaidar da idonka. Ka tuna jan injin nan da ya shekara da shekaru a bayan ɗakin girki an rufe shi da tabarma, wanda kaji suke ƙwai a bayansa? Kwamfuresa ce ta feshin fenti. Lokacin kana firamare na je Kano sayen kaya, na ga masu fentin mota suna feshi, abin da nake yini ina shafawa da burushi su kafin ka sha ruwa sun gama. Na shiga wani kanti don in tambaya kawai. Mai kantin ya jawo kujera, ya ce, "Injiniya, zauna." Ni da ban taɓa zama injiniyan komai ba. Ya aika aka kawo lemo mai sanyi. Ya kunna injin da wutar kantinsa ya fesa wa wani gwangwani shuɗi, ya fito sumul kamar daga kamfani. Akwai ƙarami a gefe, akwai babba. Na sha lemon mutum, an kira ni injiniya, sai na ji kunyar nuna ƙaramin.

Da na kawo shi Nguru har maƙwabta na kira su zo su gani. Aka tayar da ɗan janaretana, aka jona. Janaretan ya yi tari sau biyu, ya yi wani kuka kamar an shaƙe ɗan akuya, ya mutu. Aka sake, ya sake mutuwa, har da hayaƙi. Da aka kawo wutar gari bayan kwanaki na gwada, ita ma ba ta da ƙarfin juya shi, sai gurnani yake yana zafi. Sannan na lura bakin tiyon ma bai yi daidai da bindigar feshin da na saya a wani kantin ba. Liman ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam Sule, injin dai ya yi kyau." Mahaifiyarka ta sami wurin shanyar kuɓewa.

Lafiyar injin nan ƙalau, ka gane? Ba a cuce ni ba. Na sayi abin da gidana ba zai iya ciyarwa ba ne, ban tambayi me yake ci ba.

Malam Kyari ya nuna mini ramin da ake soka katin a jikin babban allon cikin kwamfuta. Ya ce yanzu iri biyu ne a kasuwa, tsohon yayi da sabo, kuma na wannan ba ya shiga na wancan ko za a taka shi da ƙafa. Saboda haka kada ka sayi allon a wannan layi, katin a wancan layi, ka ce sa haɗu a Gashua. Ka ɗauki allonka a hannu ka je da shi, a soka a gabanka, a rufe murfin ma ka ga ya rufu, don wai wani katin tsawonsa ya fi gidan. Sannan ka tambayi cinsa. Akwai katin da sai an ja masa wayar wuta tasa ta daban, akwatin wutar cikin injin kuma in ƙarami ne sai ya riƙa kashe kansa ana tsakiyar wasa. Ka tuna wutar Gashua baƙuwa ce, janareta ne ɗan gida. Katin da zai sa ka sayi babban akwatin wuta, ya sa ka sayi babban janareta, ya sa ka riƙa zarya gidan mai da jarka, ba kai yake wa aiki ba, kai kake masa.

In an ba ka lemo ka sha, ka yi godiya. Lemo ba ciniki ba ne. In an kira ka injiniya ka amsa, kai ka ma fi ni cancanta, amma ka nuna ƙaramin in shi ne daidai kai.

Wuri ɗaya muka saɓa da maigidanka. Shi ya ce sabo kawai, kada ka kusanci tokumbo. Na ce masa sabo mai kyau ya fi ƙarfin yaron nan, sabo marar kyau kuma ai gara tsoho mai kyau. Burusan da na fi daɗewa ina mora na hannu ne, wurin wani Bayarabe mai zanen allo na saye su da zai koma garinsu, sun riga sun saba da aiki. Ya ce, "Baba, burushi ba ya ƙonewa." Na ce to a gwada shi da wuta mana. A nan muka daidaita: in na hannu za ka ɗauka, sai an gwada shi gwaji na gaske.

Gwaji na gaske ba shi ne a kunna, hoto ya fito, a ce ka gani, a kashe ba. Ka sa a ɗora masa wasan da ya fi nauyi cikin waɗanda za ka sa a shago, ka ja kujera ka zauna, ka buga har mai kantin ya fara duban agogo, sannan ka ƙara. Ka sa ido ko wasu ɗige-ɗige ko layuka za su fara fitowa a sikirin in ya ɗau zafi. Ka kasa kunne ga fankar, in tana ƙara kamar keken ɗinkin da ba mai, ta kusa. Ka kai hanci ma, ƙauri ba ya ɓuya. Wanda ba shi da fanka sam, sai ƙarfe kawai, wai don kada ya yi ƙara, ka bar wa mutanen ƙasar sanyi kayansu. Kantin Kano da za ka gwada shi akwai iska mai sanyi. Shagonka rufin kwano ne, yana kallon yamma, kuma ka san bazarar Gashua, ga samari sun cika ɗaki suna ihu suna numfashi. A can zai zauna, ba a Kano ba. Ni kunya ce ta hana ni zama a kantin mutane in gwada kaya yadda ya kamata, kullum ina ganin kamar na tsare musu ciniki. Kai kada ka gaje ta. Da ka haye gadar Haɗeja da kaya, mai kanti ya manta fuskarka.

Saura maganar da na fi kowa iko da ita, wato launi. Malam Kyari da bakinsa ya ce aikin zane bai cika neman babban kati ba, matsakaici ya ishe shi, wasan ne mai haɗama. Na san kuma rabin dalilin babban katin nan kai ne. Kada ka ce mini don samari ne kawai, na ga yadda kake karkata jiki in motar cikin sikirin ta zo kwana, har da cije leɓe. Ba laifi, ni ma na yi tseren keke a kan hanyar tashar jirgi har na bar haƙori ɗaya a can. Amma katin biki da kalanda su ne tuwon, wasa miya ce. Kada ka zuba komai a kati ka zo ka sayi sikirin da ya dushe. An taɓa ba ni fentin ƙofar wata makarantar Islamiyya a Machina, aka ce kore mai haske. Na haɗa shi a rumfata, lokacin na rufe samanta da shuɗiyar leda saboda yayyafi. A ciki ya yi kyau kamar ganyen shinkafar Dagona. Da na shafa a ƙofar mutane rana ta haska shi, sai ga miyar kuka. Sai da na sake aikin da fentina. Sikirin da ya dushe shi ne shuɗiyar ledar nan. Za ka gyara fuskar amarya ka ga ta yi kyau, a buga a takarda ta fito kamar mai shawara, kuma uwar amarya ba za ta je wurin mai sikirin ba, wurinka za ta zo, da ƙawayenta. Ka ɗauki matsakaicin kati mai fanka mai kyau, wanda zai ja ƙwallo da tseren mota ba tare da tangarɗa ba ko da ba a ƙure masa kyan hoto ba, ragowar ka sa a sikirin mai gaskiya. Samarin Gashua ba su zo ƙirga ciyawar fili ba, sun zo su ci abokinsu ne su yi masa dariya.

In Allah ya sa shagon ya buɗe, a rufe wasa lokacin salla, kada ka bar mai rigar makaranta ya zauna da safe, kuma ko da wasa kada a sa kuɗi a kan wanda zai ci. Iyayen yaran nan su ne masu kawo maka katin biki.

Hannun ya gaji, rubutun ma ka ga ya fara hawa kan juna. Malam Modu mai kifi ya ce zai biyo bayan la'asar ya karɓi takardar, gobe yana bin motar kifi zuwa Kano kuma ya san gidan kawunka, don ina so ta same ka kafin ka shiga kasuwa. Na dama fura na ajiye mana, in ya zo ma taɓa hira.

Ka gaishe da kawunka da mai ɗakinsa da yara. Ka riƙe jakarka a gaba in ka shiga cunkoso. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri, ya sa albarka a cikin abin da za ka saya, ya kai ka kasuwa lafiya ya fito da kai lafiya, ya dawo mini da kai ta hanyar da ka bi. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Sule mai fenti.

Ƙari. An yi magariba, Malam Modu bai zo ba. Na zauna a zaure har aka kira salla, duk babur ɗin da ya rage gudu sai in ɗauka shi ne. Wataƙila lodi ne ya riƙe shi. Furar na sha rabi.

Yanzu ban san ko takardar nan za ta riga ka zuwa kasuwa ba. Saboda haka ka ji wannan, ya fi duk na sama. In ta same ka ka riga ka saya, kuma abin bai yi ba, kada kunya ta sa ka hau motar Fatakwal daga nan Kano ka ce za ka yi mini bayani a waya. Ka naɗe shi ka kawo shi gida yadda yake. Za mu kai wa Malam Kyari ya duba, in na musanyawa ne a musanya, in na haƙuri ne a fara da katin biki kawai, wasan ya jira. Ba a rufe shago don kati ɗaya.

Gobe in gwiwar ta yarda zan kai takardar tasha da kaina in nemi direban da zai karɓa. In ba ta yarda ba, zan ajiye ta a kan taga, ka zo ka karanta ta a nan, a gabana.